Yadda Ƙaramar Na'ura Ke Yin Kiɗa: Jawabin da Wani Tsohon Ɗalibi Ya Gabatar a Taron Shekara



Da Sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi jawabi bana, sai na ce masa ya sake tunani, domin duk wanda muka zauna aji ɗaya da shi ya san ba a taɓa kirana gaban taro don karɓar kyauta ba. Ya ce ai magana ta wuce. To, ga ni, kuma abin da na riƙo shi ne wannan 'yar motar da kuke gani bisa tebur, wadda ni da jikana muka harhaɗa don bajekolin kimiyya na makarantarsu.

Ƙwaƙwalwarta wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, ana ce masa Arduino Uno. A garin Ivrea na ƙasar Italiya aka fara aikin Arduino a 2005, don ɗalibai, wannan samfurin kuwa ya fito a 2010. Masu sha'awar ƙera mutum-mutumi na wasa sun rungume shi saboda arha da sauƙin sarrafawa. Jikana ya ce lallai motar ta riƙa kiɗa tana tafiya. Na ce masa wannan ai ba wani abu ba ne. Ashe ban san dawan garin ba.

Jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Sautin da ke cikin faifan CD, kowace daƙiƙa ɗaya tana cin bayit 176,400. Shi kuwa wannan allo, duk rumbun da yake ajiye umurni kilobayit 32 ne. Ke nan ko an share kome an zuba masa waƙa zalla, ba zai riƙe ko kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ba. Kafin mawaƙi ya buɗe baki wuri ya cika.

Saboda haka ba a ajiye masa sauti, koya masa ake yi ya ƙirƙiro da kansa. A nan ne na tuna da Malaminmu na Fizis, ga shi can zaune a layin gaba, ranar da ya buga wani ƙarfe mai yatsu biyu a gefen tebur ya kanga mana a kunne, ya ce sauti ba kome ba ne illa karkarwar iska. Malam, a gafarce ni, sai da na yi furfura na fahimce ka. In allon ya kunna wuta ya kashe sau 440 a daƙiƙa ɗaya a kan wayar da ke zuwa lasifika, kunne zai ji muryar da Turawa ke daidaita kayan kiɗansu da ita. In ya ninka zuwa 880, sai a ji muryar nan dai, amma ta yi sama, kamar yaro ya amshi waƙa daga bakin babba. Don haka kowace murya lambobi biyu kawai take bukata, na tsayinta da na daɗewarta. Waƙa mai murya 100 ba za ta wuce bayit 400 ba. Dabarar ma tsohuwa ce, domin tun 1951 BBC ta ɗauki sautin wata kwamfuta a Jami'ar Manchester ta Ingila tana kiɗa, kwamfutar da ta cika ɗaki.

Kiɗan ya tashi, muka yi murna. Muka aje motar a ƙasa, sai ta miƙe ta kara wa bango, tana ta waƙarta. Laifina ne. Na rubuta mata cewa ta saki murya ta jira har muryar ta ƙare, alhali kuwa lokacin da take jiran ba ta duba idonta na gaba. Maganin shi ne ta saki muryar ta koma aikinta, tana waiwayar agogo jefi-jefi, in lokaci ya yi ta canza. Mai tuwo ma ba ta tsayawa kallon tukunya har ta tafasa.

Na biyun ya fi ba ni wuya, saura kwana biyu bajekolin. Da kiɗa ya fara sai tayar hagu ta rikice, motar ta dinga juyi wuri ɗaya. Na canza batir, na canza waya, har na zargi yaron da taɓa mini kaya, abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Ashe agogon ƙidaya uku ne kacal a cikin allon, kuma wanda umurnin kiɗa ke ara shi ne ke daidaita gudun wuta a ƙafa ta 3 da ta 11. Ni kuwa a ta 11 na ɗaura injin tayar. Na mayar da injunan ƙafa ta 9 da ta 10, nan take rikici ya ƙare.

Wanda zai gwada a gida, kada ya haɗa lasifika kai tsaye da ƙafar allon. A sa rizista a tsakani, irin ta masu gyaran rediyo, in ba haka ba ƙafar na iya ƙonewa. A kuma sani murya ɗaya umurnin ke fitarwa a lokaci guda, muryar kuwa a bushe take, kamar ta agogon hannu. Mai son biyu ko uku a tare sai ya tanadi jadawalin lambobi, allon ya riƙa haɗa su yana fitarwa sau 8,000 a daƙiƙa. Da yake zuciyarsa na bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, bugu 2,000 ke gare shi kan kowane lissafi, kuma daga ciki ne zai tuƙa motar. Ni dai a murya biyu na tsaya.

Malam Shugaba, ina roƙon wannan ƙungiya, cikin kuɗin da za mu tara yau, a ware wani abu a saya wa ɗakin kimiyya irin waɗannan alluna ko da goma ne. Ni na ɗauki nauyin zuwa ran Asabar in zauna da yaran.

Yanzu ina roƙon na layin gaba su ɗan janye ƙafafunsu, zan kunna ta.