Farfaɗiyar Jarirai Mai Wuyar Magani

  

Ya 'yan'uwa, maganarmu ta yau a kan wata irin farfaɗiya ce da ba kasafai ake samunta ba, wadda ake kira ciwon Dravet, da sunan likitar Faransa da ta fara bayaninsa a shekarar 1978. Yaro zai zo duniya lafiya lau. Kafin ya cika shekara guda, galibi wajen wata shida, sai zazzaɓi ya tayar masa da jijjiga mai daɗewa, wani lokaci a ɓari ɗaya na jiki. Daga shekara ta biyu sai a ga magana ta yi jinkiri, tafiya tana tangaɗi. A mafi yawan yaran asalinsa tangarɗa ce a ƙwayar halittar da ake kira SCN1A.

A nan ne da yawa daga cikinmu ke kuskure. Sai a ce iska ce, a nufi gidan boka, a yi ta turare yaro da hayaƙi, har maƙwabta su riƙa gudun yawunsa. Yawun mai farfaɗiya ba ya harbin kowa. Zuwa wurin boka kuwa hasara biyu ce: ta aƙida da ta lafiyar yaron. Addu'a ba ta hana neman magani.

Amma ko maganin asibiti sai da ilimi. Carbamazepine da phenytoin, waɗanda ke amfanar wasu masu farfaɗiya, suna iya tsananta wannan nau'in. Likitoci sun fi farawa da valproate, su haɗa da clobazam. Don haka sayen magani a kemis bisa shawarar maƙwabci ganganci ne, haka ma yanke shi don an ga sauƙi. Ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, amma ana rage shi.

Zafi da zazzaɓi ne manyan masu tayar da shi, ga mu kuma a ƙasar rana da sauro. A kwantar da yaro cikin gidan sauro, a guji yi masa wanka da ruwa mai zafi. Idan jijjigar ta zo, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa. A duba agogo: in ta wuce minti 5, sai asibiti. Uba ya tanadi littafi yana rubuta ranar kowace faɗuwa da tsawonta, domin da shi likita zai daidaita magani.