Shafin malami shi ne fayil ɗinsa na biyu

 

An nemi mu yi tsokaci a kan shafukan sada zumunta da amfaninsu ga mai neman aiki ko ci gaba a aikin koyarwa. Mu da muka bar kwaleji shekara 20 da suka wuce mun san lokacin da neman aiki yake nufin rubuta takarda da hannu, a sa a ambulan, a hau mota zuwa Katsina, a wuni a bakin ofis ana jiran masinja. Tun 2016, da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin N-Power, cike fom ya koma intanet. Jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, a kwamfuta ake yin ta. A 2023 gwamnatin jihar nan ta ɗauki malamai sama da 7,000 bayan jarrabawa. Ku tambayi matasan da ke tare da mu inda suka fara jin labarin waɗannan guraben, za ku ji ana ambaton WhatsApp da Facebook.

Kowannenmu yana da fayil a ofishin sakataren ilimi, kuma mun san abin da ke cikinsa. Amma akwai fayil na biyu, wanda mu ke rubuta shi da yatsunmu kullum, kowa kuma yana iya buɗe shi ba tare da izini ba. Mai makarantar kuɗi a Katsina ko Kano, da jami'in ƙungiyar agaji mai neman wanda zai horar da malamai, ba abin da zai hana su buga sunan mutum a waya kafin su kira shi ganawa. To, me za su tarar? Sau da yawa laƙabi ne maimakon suna, da hoton zaki ko na ɗan takara a gurbin fuska. Wanda ya kammala Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya ƙara digiri a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, bai kamata shafinsa ya ɓoye hakan ba. Sunan da ke kan takardar shaida shi ya dace ya hau shafi, harafi da harafi, tare da darasin da mutum yake koyarwa da shekarun da ya yi yana yi.

Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne aikin. Malamin firamare a Dabawa ko Kurfi yana yin hikimomin da ba a rubuta su a ko'ina ba. Wata malama tana koyar da ƙirga da murafun kwalba da 'ya'yan tsamiya. Wani ya sassaƙa baƙaƙe da karan dawa, yara 'yan aji biyu suna haɗa gaɓoɓin kalma da su. Duk wannan yana ƙarewa a cikin aji, sai dai allo ya shaida, a goge shi da yamma. Hoto ɗaya na kayan koyarwar, da layi uku na bayanin yadda aka yi da abin da yara suka gane, ya fi doguwar takardar yabon kai. Wanda ya jure yin haka sau ɗaya a mako, a shekara ya tara hujjar da zai nuna wa kowane kwamiti. Akwai LinkedIn, wanda don neman aiki aka gina shi, kuma yana da amfani ga masu hangen ƙungiyoyin waje. Amma da Turanci ake harka a can, kuma a ganinmu yawancinmu gyara Facebook ɗin da muke da shi ya fi gaggawa.

Magana zarar bunu ce. Abin da mutum ya rubuta cikin fushi da dare, ko ya goge da asuba, wani ya riga ya ɗauki hotonsa ya ajiye. Ba muna cewa malami ya yi shiru a kan haƙƙinsa ba. Jinkirin ƙarin girma da bashin ariyas abubuwa ne da dole a faɗa, domin su aka kafa wannan ƙungiya. Sai dai kuka ta bakin ƙungiya yana da nauyi da kariya, zagin shugaba da sunan mutum ɗaya kuwa shi kaɗai zai ɗauki kayansa.

Yankinmu kuma yana da nasa sharaɗin, wanda masu ba da shawara daga birane ba sa tunawa da shi. Ba mu manta da Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Saboda haka a nuna allo da kayan aiki, kada a nuna fuskokin yara, balle lokacin tashi ko hanyar da malami yake bi da babur. Sanarwar shigar albashi ma ba abin tallatawa ba ce. Haka takardun shaida: a ambaci abin da aka karanta, amma kada a ɗora hotonsu, ko lambar NIN da BVN, domin da su 'yan damfara suke cin kasuwa. Duk wanda ya turo saƙo yana sayar da takardar ɗaukar aiki, a bar shi da hajarsa, a je a duba sanarwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko a tambayi sakataren reshe.

A riƙa adana kwafin komai a takarda. A Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kuma a watannin nan wanda takardunsa suke cikin imel kaɗai sai ya yi tafiya kafin ya gan su.

Muna roƙon shugabannin reshe su ware Asabar ɗaya a wannan zango, matasanmu da suka ƙware su zauna da mu manya a gyara shafukan tare, kowa ya zo da wayarsa a cike da caji. Malamai mata a ba su nasu zaman da safe, 'yan uwansu mata su jagorance shi. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Allah ya sa albarka a aikinmu, ya ba yankinmu zaman lafiya.