Rini a Kan Allon Kwamfuta: Sajewar Launi da Haƙƙin Mai Karatu



Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ta Kano ya san zane ba ya turuwa da tsomi ɗaya. Marini yakan tsoma shi cikin ruwan baba, ya ɗaga ya sha iska, ya kuma mayar, yana ƙara duhu sannu a hankali. Irin wannan hawa daga haske zuwa duhu shi masu tsara shafukan intanet ke yi da lissafi, ana kiransa sajewar launi.

Ga yadda abin yake. Kowane launi a kan allo gauraye ne na ja da kore da shuɗi, kowannensu da awo daga 0 zuwa 255. Alal misali, fari shi ne 255, 255, 255, shuɗi mai duhu kuwa 0, 0, 128. Mai tsara shafi zai rubuta layi guda a harshen CSS, ya ambaci launin farko da na ƙarshe da inda za a dosa, kwamfuta ta cike tsakaninsu. A tsakiya sai a sami kimanin 128, 128, 192. Kafin a shigar da dabarar a injin manhajar Safari cikin 2008, hoto akan liƙa, mai karatu ya biya kuɗin sauke shi.

To, amma ado yana da haɗari. A ɗauka an sa sanarwar rabon taki a kan irin wannan shimfiɗa da baƙin rubutu. Manomin masara da auduga a Dandume, da ƙaramar wayarsa cikin rana tsaka, zai karanta layukan sama sarai, na ƙasa kuwa, inda wataƙila ranar rufe rajista take, su nutse cikin duhu. Saboda haka ne ƙa'idar da ƙungiyar W3C ta fitar a 2008 ta ce hasken rubutu da na bayansa su bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1.

Daga ƙarshe, wajibi ne ɗalibi ya auna wannan bambanci a kowane gefe na sajewar. Ma'aikaci kuma kada ya karɓi shafi daga hannun ɗan kwangila sai ya fita da waya waje ya karanta shi har ƙasa. Allah ya sa mu dace.