Bayan An Cire Maƙoƙo: Gwajin Jinin Da Ke Nuna Ko Sankara Ta Dawo



Maƙoƙo ba baƙo ba ne a ƙasar Daura. Yawancinsa kumburin ƙwayar tairod ne kawai, kuma ƙarancin sinadarin aidin ya fi kawo shi, shi ya sa tun 1993 Najeriya ta wajabta saka aidin a gishirin abinci. Sai dai a cikin waɗannan kumburi akan samu sankara. Maganata yau a kan wanda aka riga aka yi wa aiki take, ya koma gida Kongolam ko Mai'aduwa, ko ya tsallaka iyaka zuwa Matamaye, yana ganin magana ta ƙare. Sankarar tairod tana da sauƙi a kan sauran nau'o'in sankara, amma takan dawo bayan shekara goma, har ashirin, galibi a kaluluwar wuya.

Akwai wani furotin mai suna tairogulobulin, wanda a duk jiki ƙwayoyin tairod kaɗai ke yin sa. Idan an cire tairod gaba ɗaya, aka bi da aidin mai ƙarfin nukiliya ya ƙone ragowar, bai kamata a ƙara ganin wannan furotin a jini ba. Ƙa'idojin ƙungiyar likitocin tairod ta Amurka na 2015 sun ɗauki abin da bai kai nanogiram 0.2 a mililita ba, ga mai shan maganinsa na lebotairoksin, wanda ke maye gurbin aikin tairod, kuma hoton wuyansa bai nuna komai ba, a matsayin kyakkyawan sakamako. Idan adadin yana hawa daga gwaji zuwa gwaji, akwai abin nema.

Gwajin yana da nasa tarko. Kusan ɗaya cikin marasa lafiya huɗu ko biyar jikinsu kan yi garkuwar da ke riƙe wannan furotin, sai na'ura ta nuna ƙasa alhali cuta na nan. Dole a auna garkuwar tare da shi. Haka kuma na'urar wannan ɗakin gwaji ba lallai ta ba da adadin na wancan ba. Idan kuma mutum ya daina shan lebotairoksin saboda kuɗi ya yanke, sinadarin TSH mai zuga ƙwayoyin tairod zai hau, ya ja tairogulobulin sama, likita ya rikice. Akwai kuma nau'in sankarar tairod na medulari, wanda ba da tairogulobulin ake bin sa ba, sai da sinadaran kalsitonin da CEA. Wani kasonsa gado ne ta hanyar ƙwayar halitta ta RET da aka gano alaƙarta da cutar a 1993, don haka akan gwada 'yan'uwan jini.

Waɗannan giɓi ne suka sa masu bincike suka koma ga ɓurɓushin DNA da sankara ke zubarwa cikin jini. Tun 1948 Mandel da Métais a Faransa suka nuna akwai irin waɗannan sinadarai na yawo a jini. A 2003 aka gano canjin halitta na BRAF V600E a nau'in sankarar tairod na fafilari, kuma kusan rabin masu wannan nau'i suna da shi. Garkuwar da na ambata ba ta hana gwajin neman wannan canji a jini aiki, yana kuma iya kama muguwar sankarar da ta daina yin tairogulobulin.

Duk da haka ban ga lokacinsa ya yi a wajenmu ba. Ƙaramar sankarar tairod kaɗan take zubarwa, sau da yawa ba a ganin komai a jinin wanda aka tabbatar yana da ita. Sannan a yankunan da suka daɗe da ƙarancin aidin, nau'in folikula ya fi yawa fiye da yadda yake a Turai da Amurka, shi kuwa da wuya a same shi da BRAF V600E. Canjin RAS ya fi yawa a cikinsa. Wanda ya sayo gwajin da aka gina a kan marasa lafiyar wata ƙasa, ya ɗinka riga ne da awon wani. Ga kuma jinin kansa: in ba a tace shi cikin 'yan sa'o'i ba, ko a zuba shi a kwalba ta musamman, fararen ƙwayoyin jini za su farfashe, nasu DNA ya danne na sankarar. Ku tuna da zafin Afrilu a hanyar Daura zuwa Kano.

Abin da nake roƙo yana hannunmu. A riƙa ɗibar jinin gwajin tairogulobulin a Daura, a tace, a daskarar, a aika ɗakin gwaji guda ɗaya da aka tsayar, misali a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, maimakon a ɗora wa mara lafiya kuɗin mota duk bayan wata shida. Kowa a ba shi kati a hannunsa mai ɗauke da kwanan wata, tairogulobulin, garkuwa, TSH da sunan ɗakin gwajin, kuma a rubuta da Faransanci ma, domin 'yan'uwanmu na Nijar su iya nuna wa likita a Damagaram.

Abin da ya fi damuna shi ne naman da aka cire. Kada a yar da maƙoƙo ko ɗaya ba a kai shi an duba a madubin likita ba, kuma a adana gutsurensa cikin kakin da ake daskarar da shi. Duk ranar da gwajin DNA ya iso gare mu, a wannan gutsuren za a karanta canjin halittar da za a nema a jinin mutumin.