LACCA: DAFIN DA KE KWANCE A TAƁON KOGI

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, masu kasa kaya a kasuwa, ku ba mu aron kunnuwanku. Maganarmu ta yau a kan kogunan Kano ne.

Kakanninmu da bagaruwa suke jima. Amma manyan majemun zamani da wani gishirin ƙarfe suke yi, sunansa kuromiyam. Dagwalon ruwan ma'aikatun Sharaɗa yana bin Salanta ya faɗa kogin Chalawa, na Bompai kuwa ya bi Getsi ya shiga Jakara, har madatsar Wasai. Masana sun auna, sun sami kuromiyam da darma da kadmiyam.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ruwa matafiyi ne, yau yana nan gobe ya wuce. Amma waɗannan ƙarafa sai su kama laka su kwanta a gindin kogi, ba sa ruɓewa kamar juji. Tsutsar taɓo ta ci, tarwaɗa ta ci tsutsa, mu kuma mu ci tarwaɗa. Da rani mai lambu ya ja ruwan ya ba latas da alayyafo, da safe sai ga su a kasuwa shar da su. Dafuwa ba ta kashe wannan dafi, wanki kuma ba ya fid da wanda ganye ya riga ya sha.

Kada wani ya ce tatsuniya ce. A ƙasar Japan akwai kogin Jinzu, inda kadmiyam na masu haƙar ma'adini ya bi ruwa ya shiga fadamun shinkafa. Ƙodar mutane ta lalace, ƙasusuwan mata suka riƙa karyewa, har aka sa wa ciwon suna "itai-itai", watau wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnatinsu ta amsa laifin kadmiyam ne, gyaran gonakin kuwa bai ƙare ba sai 2012. Ita darma kuwa mun ga aikinta a gida: a 2010, ƙurar dutsen zinariya mai darma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Zamfara.

Lalle ba mai lambu ne da laifi ba, ba kuma masunci ba. Talaka ne ya sami ruwa ya nemi abincinsa. Laifin yana kan mai zuba dafi domin kuɗin tacewa ya yi masa yawa, da hukumar da ta gani ta kau da kai.

Saboda haka muna kira: tilas kowace ma'aikata ta tace ruwanta kafin ta saki. A riƙa auna laka da kifi da ganye, a sanar da sakamako da Hausa a gidajen rediyo. A haƙa wa masu lambu rijiyoyi masu tsabta. Ku kuma sarakunan kasuwa, ku kai wannan magana gaban wakilanku, kada ku gaji.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Wassalam.