Lahadin Masu Gida

Duk Lahadin da Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, magoya baya kan fara tururuwa tun bayan azahar. Ƙungiyar da ta lashe gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014 ta cancanci wannan ƙauna.

Sai dai Lahadin nan ita ce ranar biki da gaida iyaye. Wasu magidanta kan halarci ɗaurin aure da hantsi, su ajiye cefane, sannan su tuɓe babbar riga su saka ta Pillars. Wasu kuwa waya na ta ruri a aljihu, ihun "Sai Masu Gida" ya hana su ji.

Masu sauraro, a duba jadawalin wasa tun farkon mako, a sanar da iyali.