Jawabi a kan neman haihuwa, wanda aka yi a Aujara

 Ya ku malamai da almajirai, ku sani wani almajirina ya shekara 9 da aure, babu haihuwa. Matarsa ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, sau uku ana ba ta ƙwayoyin asibiti, ba a dace ba. Ya sayar da gona ya kai wa boka. Daga baya ya zo mini da nufin saki.

Na ce masa, "Malam, kai an taɓa auna ka?" Ya sunkuyar da kai.

To, ku sani illa tana samun namiji kamar yadda take samun mace, kuma awon maniyyi ya fi awon mace sauƙi. Na umarce su su tafi tare asibitin Jahun ko na Dutse, in an tura su Kano su je. Amma haɗa ƙwai da maniyyi a waje, wanda aka fara haihuwa da shi a Ingila a 1978, malaman fiƙihu sun halatta shi a taron Amman, 1986, da sharaɗin ruwan miji ne, ƙwan matarsa, aure yana nan. Sai dai da tsada, kuma ba kullum yake kamawa ba.

An auna shi, illar tasa ce. Yana shan magani, matar tana ɗakinta.